Lokacin jira: makonni huɗun da Kiristoci ke yi kafin Kirsimeti

Kafin ranar 25 ga Disamba, ranar da akasarin Kiristocin duniya ke bikin haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa ɗan Maryamu (Alaihis Salam), akwai wasu makonni da coci ya keɓe don shiri. Bikin kansa shi ne Kirsimeti, ko Nowel kamar yadda aka fi faɗa a Nijar. Makonnin shirin kuwa da Faransanci ana ce masu Avent, sunan da ya fito daga kalmar Latin adventus, wato zuwa ko isowa. A tsohuwar daular Rum da wannan kalma ake kiran shigar sarki gari in ya zo rangadi: a share hanya, manyan gari su fito tarba. Kiristocin farko suka ari kalmar suka ɗora ta kan zuwan Almasihu. Da Hausa ana iya cewa lokacin jiran zuwan Almasihu, ko a taƙaice lokacin jira.

Wanda ya san wannan lokaci ta talabijin ko ta hotunan Facebook, abin da yake gani shi ne fitilu a titunan Paris da shaguna maƙil da masu sayayya, sai ya ɗauka biki ya kankama tun ƙarshen Nuwamba. A littafin ibadar coci ba haka abin yake ba. An tsara makonnin ne yadda mai ibada zai ji a jikinsa cewa akwai abin da bai iso ba tukuna. Ana rage ado, ana ajiye wata waƙa ba a rera ta, ana barin komin jariri ba kowa a ciki. A da har azumi ake yi, kuma a Masar da Habasha har gobe ana yin sa.

Ranar farawa

A cocin Katolika da na Angilika da na Luta, da sauran coci-cocin Yamma masu bin kalandar ibada, lokacin jira yana farawa a ranar Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, ya ƙare da yammacin 24 ga wata. Lahadin farkon ba ta fita daga tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Lahadi huɗu ne ko da yaushe, amma yawan kwanakin yana bin ranar da Kirsimeti ta faɗo. In ta faɗo Lahadi, kamar a 2022, kwana 28 cif ake yi. In ta faɗo Litinin, kamar a 2023, kwana 22 ne kawai, kuma Lahadi ta huɗu ita ce jajibiri: da safe ana cikin jira, da dare an shiga biki. Na 2025 ranar farawarsa 30 ga Nuwamba, na 2026 ranar 29, na 2027 ranar 28.

Wannan Lahadi ta farko ita ce kuma sabuwar shekarar coci, ba 1 ga Janairu ba. A ranar ake juya shafin karatun Lahadi, wanda ke zagayawa duk shekara uku: shekara guda ana bin Linjilar Matiyu, ta biyu ta Markus, ta uku ta Luka. Shekarar da ta soma ranar 30 ga Nuwamba 2025 ta Matiyu ce.

Jira iri biyu

Tsarin kalandar da Fafaroma Paul na 6 ya amince da shi a 1969, bayan babban taron Vatican na biyu, ya bayyana cewa lokacin yana da fuska biyu. Ɗaya tana duban baya, zuwa haihuwar da aka yi a Baitalami. Ɗaya tana duban gaba, zuwa dawowar Almasihu a ƙarshen zamani. An raba kwanakin bisa haka. Daga Lahadin farko zuwa 16 ga Disamba hankali yana kan dawowar, daga 17 zuwa 24 sai a koma kan labarin haihuwa.

Shi ya sa baƙon da ya shiga coci a Lahadin farko yana tsammanin jin labarin jariri da makiyaya yakan sha mamaki. Karatun ranar a kan ranar ƙarshe yake: ba wanda ya san sa'ar, za ta zo ba zato kamar ɓarawon dare, don haka kowa ya zauna a faɗake. Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙon zance ba, tunda a Musulunci ma saukowar Annabi Isa tana cikin manyan alamomin tashin alƙiyama. Inda aka rabu a fili yake. Kirista yana jiran wanda ya yi imani Ɗan Allah ne da ya ɗauki jikin mutum, Musulmi kuwa ya riƙe shi bawan Allah kuma manzonSa. Amma sunayen da ake ji a coci a waɗannan makonni, Zakariyya da Yahaya da Maryamu, da mala'ikan da ya kawo bushara, su ne dai waɗanda ke cikin surar Maryam, sura ta 19 a Alƙur'ani.

Mutum uku ne ke riƙe da lokacin. Na farko Annabi Ishaya, wanda ya rayu a Urushalima a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. Daga littafinsa ake ɗauko yawancin karatun farko, alkawuran sarki mai adalci daga zuriyar Dauda da zamanin da za a mai da makaman yaƙi kayan noma. Ta uku Maryamu, wadda Lahadi ta huɗu ke karkata gare ta da mijinta Yusufu. A tsakiyarsu akwai Yahaya mai baftisma, wanda aka ba Lahadi biyu cur, ta biyu da ta uku.

Yahaya ba mutumin biki ba ne. Linjila ta nuna shi a jeji, bakin Kogin Urdun, sanye da rigar gashin raƙumi, abincinsa fara da zuman daji, yana kiran mutane su tuba. Maganar farar nan takan ba masu karatu a Turai mamaki. A Maraɗi ko Damagaram, inda ake auna soyayyar fara da tiya a kasuwa daidai wannan lokaci na sanyi, ba abin da za a tsaya yi wa bayani. Abin da ya fi nauyi shi ne amsar da ya ba masu tambayarsa me za su yi, wadda ake karantawa a Lahadi ta uku a shekarar Luka. Mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka yanka. Sojoji kada su ƙwaci na kowa, kada su yi ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Duk shekara uku ana karanta wannan a gaban talaka da mai muƙami a benci ɗaya. An karanta a Disamban 2024, za a sake a Disamban 2027.

Daga azumin Faransa zuwa makonni huɗun Roma

Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar Yesu ba, balle ta kafa lokacin shiri. Shaida mafi tsufa ta bikin 25 ga Disamba tana cikin wata kalandar birnin Roma da aka rubuta a 354, wadda jerin ranakun cikinta ke komawa zuwa 336. Sai da bikin ya kafu sannan aka fara tunanin share masa fage, kuma ba a Roma aka fara ba.

A 380 wani taron bishop-bishop a Saragosa, ƙasar Sifen, ya umarci mabiya kada su yi fashin zuwa coci har kwana 21, daga 17 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu. Wasu masana tarihi suna ɗaukar wannan a matsayin mafari. Wasu kuma suna cewa abin da ya dami taron shi ne mabiyan wani malami mai tsananin zuhudu, Priscillien, waɗanda ke keɓe kansu a gidaje da duwatsu, ana so a maido su cikin jama'a.

Shaidar da ba a gardama a kanta daga ƙasar da ta zama Faransa ta fito. Bishop na birnin Tours mai suna Perpetuus, wanda ya rasu wajen 490, ya sanya azumin kwana uku a kowane mako daga 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da Waliyyi Martin, har zuwa Kirsimeti. Gregoire na Tours, wanda ya gaji kujerar bayan kusan shekara ɗari, shi ya rubuta wannan a littafinsa na tarihi. A 567 wani taro a Tours ɗin ya ɗora wa ƴan zuhudu azumin watan Disamba har ranar biki. A 581 taron Mâcon ya ƙayyade ranakun: Litinin, Laraba da Juma'a. Jama'a suka sa masa suna azumin Waliyyi Martin. Har yau a Jamus da Ostiriya ana gasa dinya ranar 11 ga Nuwamba, kuma ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne cewa ita ce cin maiƙo na ƙarshe kafin a kama baki. Azumin ya tafi, dinyar ta zauna.

Me ya kawo azumi gaban bikin haihuwa? Akwai wani lissafi da wasu masana suka yi. A waɗancan ƙasashe ana yi wa sababbin shiga addini baftisma ranar 6 ga Janairu, kuma al'adar coci ce a yi azumi kafin baftisma. Daga 11 ga Nuwamba zuwa wannan rana mako takwas ne, kwana 56. In aka cire Asabar da Lahadi, waɗanda a wasu wurare ba a azumi a cikinsu, sai a sami kwana 40, daidai da babban azumin da ake yi kafin bikin tashin Almasihu. Hasashe ne, amma ya yi daidai da yanayin da lokacin ya ɗauka a Faransa: tuba, tsoron hisabi, tufafin alhini.

Roma ta shigo ne daga baya, wajen tsakiyar ƙarni na 6, kuma da wani yanayi dabam. A can babu tsananin azumi, addu'o'i da karatu ne na ɗokin zuwan Mai Ceto. Da farko mako shida ake yi, sannan aka rage zuwa Lahadi huɗu, ragin da aka saba danganta shi da Fafaroma Gregoire Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604. An ɗauki ƙarnuka kafin huɗun su game Turai, kuma birnin Milan bai taɓa karɓa ba. Har yau cocin Milan, mai bin tsarin ibadar Waliyyi Ambroise, yana fara nasa a Lahadin da ke bin 11 ga Nuwamba, ya yi mako shida.

Abin da ake yi yanzu gaurayen biyun ne. Adadin makonni na Roma ne, launin tuba da rage murna na Faransa. Azumin kuwa ya yi ta lalacewa tun tsakiyar zamanai. Kundin dokokin cocin Katolika na 1917 bai lissafa lokacin jira cikin lokutan azumi ba, sai ƴan kwanaki da suka rage a cikinsa, yanzu kuma babu wata rana da aka wajabta. Wata dokar da ta daɗe ita ce ta aure: ƙarnuka da dama an hana shagalin ɗaurin aure a coci cikin waɗannan makonni. Kundin 1983 ya sauke haramcin, ya rage ga limami ya tuna wa ango da amarya yanayin lokacin.

Abin da ake gani da abin da ake ji a coci

Alama ta farko launi ne. Limami yana sa riga shunayya, irin wadda ake sawa a babban azumi. Wasu coci-cocin Angilika da na Luta sun zaɓi shuɗi don su bambanta lokutan biyu. Ana rage furanni a bagade, ana sassauta kiɗa. A Mes, babbar ibadar Katolika, ana tsallake waƙar ɗaukaka da ake kira Gloria a dukan Lahadi huɗun. Dalilin a bayyane yake: farkon waƙar shi ne yabon da Linjilar Luka ta ce mala'iku sun yi a daren haihuwa, don haka ake ɓoye ta sai daren ya zo. Amma ba a daina Halleluya ba, alhali a babban azumi ana dainawa. A nan ake gane cewa lokacin jira ba makoki ba ne. Ana kuma ƙarfafa mabiya su je su yi iƙirarin zunubansu gaban limami kafin biki.

Lahadi ta uku tana da suna, Gaudete, wato ku yi murna, kuma a ranar an yarda limami ya sa riga mai ruwan hoda, alamar an ci fiye da rabin hanya. A Roma a ɗaya daga cikin Lahadin wannan lokaci yara kan kawo ƴan gumakan jariri Yesu da za su sa a komin gidajensu, Fafaroma ya sa masu albarka a dandalin Waliyyi Bitrus, al'adar da Paul na 6 ya fara a 1969.

Daga 17 zuwa 23 ga Disamba, a addu'ar yamma, ana rera wasu gajerun baitoci bakwai masu daɗaɗɗen tarihi, guda a kowace rana, kowanne yana kiran Almasihu da wani laƙabi daga littattafan annabawa: Hikima, Ubangiji, Tushen Yesse mahaifin Dauda, Mabuɗin Dauda, Ketowar Alfijir, Sarkin Al'ummai, sai Imanuwel, wato Allah yana tare da mu. In aka ɗauki harafin farko na kowane laƙabi da Latin aka karanto daga na ƙarshe zuwa na farko, sai su ba da kalmomi biyu, ero cras, ma'ana gobe ina nan tafe. Baitin ƙarshe ranar 23 ake rera shi.

Wasu ranakun tunawa suna faɗowa a ciki. Ranar 6 ga Disamba ta Waliyyi Nikola ce, bishop na Myra a kudancin Turkiyya ta yau a ƙarni na 4, wanda ya shahara da kyauta a ɓoye, kuma daga labarinsa tsohon nan mai jar riga da farin gemu na tallace-tallace ya samo tushe. Ranar 8 Katolika ke bikin aƙidar cewa an ɗauki cikin Maryamu ba tare da tabon zunubi ba, aƙidar da Fafaroma Pie na 9 ya tabbatar a 1854. A wannan rana ce mutanen Liyon ke jera fitilu a tagoginsu tun 1852.

Inda azumin bai mutu ba

Coci-cocin Gabas ba su da Lahadi huɗu, kuma ba a nan shekararsu ke farawa ba, amma su ne suka riƙe azumin. Ƴan Otodoks na Girka da Romaniya da Bulgeriya suna yin kwana 40, daga 15 ga Nuwamba zuwa 24 ga Disamba. Na Rasha da Sabiya ranakun ɗaya ne, sai dai suna bin tsohuwar kalandar Juliyas, wadda ke bayan ta yanzu da kwana 13, don haka azuminsu yana kamawa daga 28 ga Nuwamba zuwa 6 ga Janairu, biki ranar 7. Ranar biki ma takan zama siyasa: a 2023, ana tsakiyar yaƙi da Rasha, Yukiren ta mai da hutun Kirsimeti zuwa 25 ga Disamba.

A Afirka, Kibɗawan Masar suna yin kwana 43, daga 25 ga Nuwamba zuwa daren 6 ga Janairu. Arba'in ɗin suna kwatanta su da kwanakin da Annabi Musa ya yi yana azumi kafin ya karɓi allunan shari'a. Ukun da aka ƙara kuwa, bisa ruwayar cocinsu, na tunawa ne da azumin da kakanninsu suka yi a Alƙahira a ƙarni na 10, zamanin Fatimiyawa, a ƙissar dutsen Muƙaɗɗam. Watan Kiyahk na kalandarsu yana faɗowa a ciki, watan da ake raya dararen Asabar da waƙoƙin yabon Maryamu, a wasu coci-coci har asuba. A Habasha da Eritiriya ana kiransa azumin annabawa, don tuna waɗanda suka yi ta jiran Almasihu ba su gan shi ba, kuma yana ƙarewa da bikin Genna ranar 7 ga Janairu.

Wannan azumi ba irin na Ramadan ba ne. Jigonsa barin nama da ƙwai da madara da man shanu tsawon kwanakin gaba ɗaya, dare da rana. Masu ƙwazo suna haɗawa da kame baki daga tsakar dare zuwa azahar ko bayanta. Kibɗawa sun halatta kifi a yawancin kwanakin, ban da Laraba da Juma'a.

Kyandir, kalanda da kasuwa

Abubuwan da duniya ta fi sanin lokacin da su ba su da tsufa, kuma kusan duk daga Jamus suka fito. Zoben ganyen nan mai kama da gammo, wanda ake kafa wa kyandir huɗu ana kunna ɗaya a kowace Lahadi, ana danganta shi da Johann Hinrich Wichern, malamin cocin Luta da ya buɗe gidan renon yaran talakawa a Hamburg a 1833. Yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti za ta zo. A 1839 ya ɗauki ƙafar keken doki ya jera mata ƙananan kyandirori ja na ranakun mako da manya farare huɗu na Lahadi, kowace rana a kunna guda. Daga baya aka naɗe ta da ganye, aka rage kyandir zuwa huɗu don ta shiga ɗakin kowa. Sai a 1925 ta shiga cocin Katolika, a birnin Kolon. Sunayen da ake ba kyandirorin yanzu, bege da salama da murna da ƙauna, al'ada ce ta baya-bayan nan, ba dokar coci ba.

Kalandar yara mai ƙananan ƙofofi 24 ita ma ƴar Jamus ce. Iyaye kan ja layi 24 da alli a ƙofa, yaro ya goge ɗaya kullum. Wani mai ɗab'i a Munich, Gerhard Lang, ya fara buga ta a kan takarda a farkon shekarun 1900. A bayan ƙofofin akwai hotuna ko ayoyi. Bayan yaƙin duniya na biyu cakulan ya maye gurbinsu, yau kuma akwai mai turare, mai kayan kwalliya, har mai giya. Kalandar kasuwa ba ruwanta da Lahadin farko, ita daga 1 ga Disamba take ƙirga.

Kasuwannin Kirsimeti sun girmi duka biyun. Ta Dresden tana ci tun 1434, ta Strasbourg tun 1570. Asalinsu wurin sayen nama da kayan biki ne na ƴan kwanaki, yanzu sun zama harkar yawon buɗe ido ta wata guda. A nan ne lissafin coci da na kasuwa suka yi hannun riga. Ga ɗan kasuwa biki yana farawa a Nuwamba ya mutu ranar 25 ga Disamba, washegari a karya farashi. Ga coci ranar 25 ce mafari, bikin ya ci gaba har cikin Janairu. Limamai a Turai da Amurka suna kokawa da wannan duk shekara, kuma ba za a ce sun yi nasara ba.

Akwai wuraren da ibadar ta fi ƙarfin shago. A Filifin, daga 16 zuwa 24 ga Disamba, coci-coci kan cika tun wajen ƙarfe 4 na asuba don Mes tara a jere, al'adar da aka ce an tsara ta ne don manoma su samu halarta kafin su tafi gona. A Meziko cikin waɗannan darare tara unguwa kan fito tana kwaikwayon Yusufu da Maryamu suna neman masauki gida-gida ana korarsu, sai a gidan ƙarshe a buɗe masu. A Folan yara kan tafi Mes ɗin asuba riƙe da fitilu cikin duhu.

Duk wannan zance na haske da duhu daga arewacin duniya ya taso. A Hamburg rana mafi gajarta a Disamba ba ta kai awa 8 ba. A Yamai ta haura awa 11. A Afirka ta Kudu da Burazil kuwa tsakiyar zafi ne.

A Nijar

Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, amma 25 ga Disamba ranar hutu ce ta ƙasa. Cocin Katolika, wanda ya buɗe mishan ɗinsa na farko a Yamai a 1931, yana da yankuna biyu. Na Yamai yana ƙarƙashin babban bishop Laurent Lompo, ɗan ƙasa na farko da ya zama bishop. Na Maraɗi an kafa shi a 2001 da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko, kuma ya haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. A cikin mabiyan akwai ƴan asalin Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya, akwai kuma ƴan ƙasa, musamman a yankin Gurmawa na Makalondi, da Dolbel, da Dogon Dutsi. A duk waɗannan majami'u karatu da launin riga iri ɗaya ne da na Roma a rana ɗaya.

Coci-cocin bishara da suka tsiro daga aikin mishan na SIM, wanda ya sauka Damagaram a 1924 kuma ya buɗe asibitin Galmi a 1950, sun fito ne daga al'adar da ba ta ɗaure kanta da kalandar ibada ba. A irinsu shirin ya fi bayyana ta wa'azi, da atisayen ƙungiyar mawaƙa da na zumuntar mata, da wasan kwaikwayon haihuwa da yara ke koyo. A maƙwabciya Burkina Faso, wadda bishop-bishop ɗinta ke zama a majalisa ɗaya da na Nijar, yara kan gina ƴan ɗakunan laka a ƙofar gida su shafe su da fenti, a matsayin wurin haihuwar jariri.

Lokacin yana faɗowa ne bayan kaka, cikin hunturu, kuma bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba kullum a cikinsa yake. Babu fitilun titi ko kasuwar wata guda da za su riga coci shiga biki, don haka wanda ba ya zuwa majami'a zai iya ƙare makonnin huɗu bai san ana yin su ba. Ga wasu mabiyan kuma kalmar jira ta wuce zancen kalanda. An ƙona majami'u a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015. Limamin Bomoanga, ɗan Italiya Pier Luigi Maccalli, wanda aka sace a Satumban 2018 aka sako a Mali a Oktoban 2020, ya yi lokacin jira biyu a hannun masu garkuwa da shi. Rashin tsaro a yammacin jihar Tilaberi ya raba iyalai da dama, Kirista da Musulmi, da ƙauyukansu, kuma akwai ƙananan majami'un karkara da aka daina taruwa a cikinsu.

Da yammacin 24 ga Disamba ake cire riga shunayya a sa fara. A Mes ɗin dare ana rera Gloria, a ɗauko ɗan gunkin jaririn a kwantar a komin da ya yi makonni ba kowa. Masanan nan da suka biyo tauraro daga gabas su sai 6 ga Janairu ake matso da su kusa da komin, ko a Lahadin da ke tsakanin 2 da 8 ga wata a ƙasashen da ranar ba ta hutu ba ce. Lokacin Kirsimeti yana rufewa da bikin baftismar Yesu a Kogin Urdun, ranar da Yahaya ke sake fitowa a karatu.